Yadda na fara koyon Sinanci a shagona na Jega, da inda zan ce ka fara

Sana'ata sayar da injin ban ruwa da kayan gyaransa ce a Jega. Wanda ya san noman rani a fadamun Kebbi ya san da zarar ruwan sama ya ɗauke, ran shinkafa da albasa yana hannun wannan ɗan injin da tiyonsa. Kusan duk abin da ke kan kantata daga ƙasar Sin ya fito, fulogi ne, ringi ne, kafireto ne. Na yi shekaru ina yage kwalayen nan ina ganin rubutun da ke jikinsu, ban taɓa ɗaukarsa magana ba. Sai ranar da wani dattijo daga wajen Suru ya ɗauro injinsa a bayan babur, sabo fil, ko mako biyu bai yi ba, ya ƙi tashi. Da muka kwance shi sai muka tarar an tayar da shi ba a zuba masa baƙin mai ba, ya cinye kansa. A jikin tankin akwai wata jar takarda manne da rubutu manya-manya. Dattijon ya aza yatsa a kai ya ce, "Ɗana, wanga mi yac ce?" Na ce, "Baba, ban sani ba." Bashi ya ci ya sayi injin, sai ya yanke shinkafa zai biya. Wannan "ban sani ba" ita ta hana ni barci a daren, ita ce kuma ta sa na fara.

Ban shiga aji ba. Akwai cibiyoyin Confucius da ke koyar da harshen a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka, amma mai shago a Jega ba zai rufe ƙofa ya tafi can ba. Waya ce, da littafin rubutu, da fensir. Abin da zan faɗa maka shi ne jerin da zan bi da a ce yau zan sake farawa.

Ka fara sanin wane Sinanci kake nema, don kada ka ɓata wata guda a hanyar da ba taka ba. Harsunan ƙasar suna da yawa, amma wanda ake koyarwa a makaranta, ake labarai da shi, shi ne Putonghua, wanda duniya ta fi sani da Mandarin. Ko a Guangzhou, inda 'yan kasuwarmu suka fi zuwa, harshen gida daban ne, amma da Putonghua za a yi ciniki da kai. Rubutun ma iri biyu ne. Akwai na gargajiya da ake amfani da shi a Taiwan da Hong Kong, akwai kuma sauƙaƙaƙƙe da gwamnatin Sin ta fara fitarwa a 1956. Sauƙaƙaƙƙen ne a jikin kwali, shi ne a takardar kaya, shi za ka zaɓa duk lokacin da wata manhaja ta tambaye ka.

Kunne kafin hannu

Mako biyu na farko kada ka taɓa baƙaƙen Sinanci. Ka ba su ga pinyin, wato rubuta sautin harshen da haruffan boko, tsarin da aka amince da shi a 1958. Yaran Sin ma da shi suke farawa, kamar yadda ɗan makarantar allo yake babbaƙu da farfaru kafin a ba shi sura. Tarkon da ke ciki shi ne haruffan sun yi kama da namu amma ba muryarmu suke da ita ba. Bahaushe in ya ga c zai karanta ta kamar a "ciniki". A pinyin c tana kusa da ts ɗinmu ce, sai dai tamu a matse take fita, tasu da iska. Cài, wato kayan lambu ko abin ci da tuwo, kusan "tsai" ne. Wadda ta yi kusa da c ɗinmu ita ce q, shi ya sa qián, kuɗi, yake fita kamar "ciyen". X kuma wata siririyar sh ce, zh tana kusa da j. Wadda ta fi ba mu wahala ita ce p, tunda bakinmu ya saba mayar da ita f, su kuwa suna da p suna da f, kowace da ma'anarta. Ka riƙe 'yar takarda a gaban leɓenka, ka rufe leɓe gam, ka sake shi da ƙarfi. In takardar ta motsa p ta fita. Akwai kuma ü: ka tsuke baki kamar za ka ce u, amma ka ce i. Ita ce a cikin yú, kifi, kalmar da duk ɗan Argungu zai so ya fara da ita.

Ina roƙonka kada ka riƙa rubuta sautin da rubutun Hausa a gefen littafi. Na ba ka "tsai" da "ciyen" ne don ka kama hanya kawai. Duk kalmar da na haddace ta wannan sigar a watannin farko sai da na sake koyonta, domin bakina ya riƙe ta a karkace.

Sai karin sauti, kuma nan ne nake son in daɗe, domin nan Allah ya ba Bahaushe abin da masu koyo da yawa ba su da shi. Mu ma harshenmu da kari yake tafiya, ba ma rubuta shi ne kawai. Ka faɗi "wuya" ta jiki, ka faɗi "wuya" ta wahala. Ka faɗi "kuka" na hawaye, ka faɗi "kuka" ta miya. Haruffa ɗaya ne, muryar ce take hawa da sauka, kuma ko yaro ɗan shekara huɗu ba ya rikita su. To haka Sinanci yake, sai dai su kari huɗu gare su, ga wani na biyar mara nauyi. Misalin da kowa yake bayarwa shi ne ma: mā uwa ce, má wata irin rama ce, mǎ doki ne, mà zagi ne.

Ga yadda na ɗaure su da Hausa. Na farko murya ce a sama, a miƙe, ba hawa ba sauka, kamar "kai" in kana nuna mutum ka ja ta. Na huɗu faɗowa ne daga sama, daidai da "kai" na jiki ko "mai" na fetur. Na uku a littafi an zana shi yana sauka yana hawa, amma a tsakiyar magana yawanci ƙasa kawai yake zama, kamar "mai" a cikin "mai gida". Na biyu shi ne baƙo a wurinmu, murya ce mai hawa, irin ta wanda aka kira bai ji da kyau ba ya ce "iye?" Shi za ka fi ba lokaci.

Ka lura da abin da ya fito daga nan, don ni da na gano shi sai da na tashi tsaye a shago. Saye a Sinanci mǎi ne, sayarwa kuma mài. Wato "mai" na "mai gida" shi ne saye, "mai" na fetur shi ne sayarwa. Ɗan kasuwar da ya rikita waɗannan biyu ya juya cinikinsa gaba ɗaya, amma kai da kake faɗin su tun kana goye, ba abin da zai rikita ka. Abu ɗaya za ka ƙara sani: in na uku biyu suka haɗu, na farkon yana komawa na biyu. Gaisuwar da ake rubutawa nǐ hǎo, a baki ní hǎo ce. Kuma kada ka taɓa haddace kalma ba tare da karinta ba, ka ce za ka gyara daga baya. Karin jikin kalmar ne.

Hannu

Yanzu ka sayi littafin lissafi mai gida-gida da fensir. Ka haɗa ƙananan gidaje huɗu su zama gida ɗaya, da gicciye a tsakiya. Yaran Sin a irin wannan takardar suke koyo, suna kiranta tiánzìgé, domin siffarta irin ta baƙin 田 ce, wanda ke nufin gona. Ka dube shi da kyau, fadama ce da aka yanka kwami huɗu. Akwai wata takardar mai ƙarin layuka a karkace da suke dangantawa da 米, mǐ, shinkafar da aka casa. Gicciyen nan shi zai nuna maka inda kowane sashe zai zauna, domin kowane baƙi, mai ja biyu ne ko mai ja ashirin, gida ɗaya yake ci, ba ya shiga na maƙwabcinsa.

Abin da nake kira "ja" shi ne tafiyar fensir daga inda ka aza shi zuwa inda ka ɗaga. Manyansu kaɗan ne: na kwance daga hagu zuwa dama, na tsaye daga sama zuwa ƙasa, mai zubewa hagu, mai zubewa dama, ɗigo, mai ɗagawa sama, mai kwana, da mai ƙugiya. Masu koyar da rubutun alƙalami a can suna amfani da baƙin 永 saboda ya tara irin waɗannan motsin a jikinsa, ko da yake ja biyar ne kacal.

Kowane baƙi yana da jerin da ake bi, kuma wannan ba ƙa'idar ado ba ce. Wanda ya yi allo ya san malam ba ya barin ka fara harafi ta wutsiya, don hannu yana da tasa hadda daban da ta kai. In kana bin jeri ɗaya kullum, hannun zai riƙe baƙin ko da kanka ya manta. Sannan in ka zana baƙi da yatsa a waya don neman ma'anarsa, wanda aka bi jerinsa ya fi saurin fitowa. Ƙa'idojin ba su da yawa. Sama kafin ƙasa, kamar a 三, uku. Hagu kafin dama, kuma mu da muka saba da ajami sai mun kula a nan. Na kwance kafin na tsaye, kamar a 十, goma. Mai zubewa hagu kafin mai zubewa dama, kamar a 人, mutum. In akwai ginshiƙi a tsakiya da fukafukai biyu, ginshiƙin ne farko, kamar a 小, ƙarami, da 水, ruwa. In kuma baƙin ɗaki ne, ka gina bango, ka shigar da kaya, sannan ka rufe ƙofa.

Bari mu rubuta 田 tare. Ka ja bangon hagu daga sama zuwa ƙasa, ɗaya ke nan. Ka koma saman bangon, ka ja zuwa dama, ka yi kwana ka sauko ba tare da ɗaga fensir ba, biyu. Ka ja na kwance a ciki, uku. Ka ja na tsaye a ciki, huɗu. Ka rufe ƙasa, biyar. Yawancin masu farawa a na biyun nan suke kuskure, su raba shi gida biyu. Shi ya sa 口, baki, da ido zai ce maka layi huɗu ne, a hannu ja uku ne.

Baƙaƙen farko su zama masu sauƙi waɗanda ake gina wasu da su: 一 二 三 十, sai 人 mutum, 大 babba, 口 baki, 日 rana, 月 wata, 木 itace, 山 dutse, 水 ruwa, 火 wuta, 女 mace, 子 ɗa, 马 doki. Kada ka cika shafi guda da baƙi ɗaya kana kallonsa kana kwafa, hannu ne kawai zai gaji. Ka rubuta sau biyar kana kallo kana faɗin sautinsa da ƙarfi, ka rufe, ka rubuta da ka, ka buɗe ka gwada. Bayan awa guda ka sake gwadawa. Wannan ƙoƙarin tunowa shi ne karatun. Na ga hotunan dattawan Sin suna rubutu da ruwa da babban buroshi a daɓen wuraren shaƙatawa, rubutun ya bushe su sake. Ni ma na samo ƙaramin buroshin fenti da gwangwanin ruwa, in kasuwa ta yi sanyi bayan azahar sai in tsuguna a simintin ƙofar shago. A zafin Jega kafin in kai baƙi na biyar na farkon ya bushe, kamar an wanke mini allo.

Ka kula da masu kama da juna, domin ɗan tsawon layi yana canza magana. 人 mutum ne, 入 shiga ne, 八 takwas ne. 大 babba ne, in ka sa ɗigo a ƙasa ya zama 太, wato "ya yi yawa", in ka ja layi a samansa ya zama 天, sama ko yini. 千 dubu ne, 干 kuwa wani abu ne daban. Saye 买 ne, sayarwa 卖, bambancinsu ɗan 十 da ke bisa kan na biyun. Irin waɗannan gefe da gefe nake rubuta su a shafi ɗaya.

Akwai ranar da rubutun ya daina yi mini kama da tarin ƙiraruwa, ita ce ranar da na fahimci baƙaƙen suna da tsaga. A da in ka ga fuskar mutum a kasuwa, tsagarsa za ta gaya maka Bakabe ne ko Bagobiri tun bai buɗe baki ba. Haka mafi yawan baƙaƙen Sinanci suke: sashe ɗaya yana nuna danginsu, ɗayan yana ba ka hasken sautinsu. Tsohon ƙamus na zamanin sarki Kangxi, na 1716, ya jera irin waɗannan alamun dangi har 214, amma talatin zuwa arba'in sun ishe ka fara gane hanya. Ɗigo uku a hagu, 氵, dangin ruwa ne: 河 gulbi, 海 teku, 洗 wanki, 油 mai. Dubi na ƙarshen: ɗigon ruwa ya ce maka abu ne mai zuba, 由 da ke gefensa ana karanta shi yóu, shi ma man yóu ne. 钅 dangin ƙarfe ne: 铁 baƙin ƙarfe, 铜 tagulla, 银 azurfa, har da 钱 kuɗi. 妈, uwa, mace ce a hagu da doki a dama. Dokin ba ruwansa da ma'ana, sautin "ma" kawai ya ba da aro. Ba kullum sautin yake fitowa daidai ba, wani lokaci kusa kawai yake kai ka, amma ya fi lalube cikin duhu. Daga yau duk sabon baƙi, ka fara tambayarsa ɗan wane gida ne.

Waɗanne kalmomi

Littattafan koyo suna farawa da gaisuwa, kuma daidai ne. Nǐ hǎo sannu, nín hǎo in babba ne, xièxie na gode, duìbuqǐ yi haƙuri, zàijiàn sai an jima. Mai kanti ko mai masana'anta lǎobǎn ake ce masa, gwanin aikin hannu kuma shīfu. Jarrabawar HSK, wadda ake gwada iya Sinanci da ita, a tsarinta na 2010, kalmomi 150 take nema a matakin farko, 300 a na biyu; jerin nan yana da amfani ko ba ka da niyyar zama jarrabawa. Amma ra'ayina shi ne rabin kalmominka na farko su fito daga abin da hannunka yake taɓawa kullum. Kalmar da za ka gani sau goma kafin la'asar ba ta buƙatar a tilasta mata zama.

Ni daga kantata na kwaso nawa. 机, jī, inji ne. Da shi kaɗai ƙofofi suka buɗe: 机油 man inji, wato baƙin mai, 手机 injin hannu, wato wayar salula, 飞机 inji mai tashi, jirgin sama, 发电机 inji mai fitar da lantarki, janareto, 碾米机 injin casar shinkafa. 电, diàn, lantarki ne, 电池 batir, 电脑 kuma ƙwaƙwalwar lantarki, wato kwamfuta. Fetur 汽油 ne, gas na manyan injuna 柴油. Injin ban ruwa kansa 水泵 ne, shuǐbèng, kuma inda manomi zai ce mini inci biyu ko inci uku, a kwali 2寸 ko 3寸 za ka gani. 开 kunnawa ko buɗewa, 关 kashewa ko rufewa. Ka ga yadda harshen yake haɗa kalma, kamar yadda muke cewa jirgin sama, gidan waya, abin hannu. Idan ke mai sayar da atamfa da mayafi ce, ki fara da launuka da yadi. Idan kai mai gyaran waya ne, sunayen gilashi da batir da caja su ne naka.

Lissafi kuwa wajibi ne ga kowa, kuma yana da sauƙi: yī, èr, sān, sì, wǔ, liù, qī, bā, jiǔ, shí. Sha ɗaya goma-ɗaya ne, ashirin biyu-goma, irin "gomiya biyu" ta kakanninmu. Ɗari bǎi, dubu qiān. Inda ake faɗuwa shi ne 万, wàn, dubu goma, domin su da shi suke ƙirga manyan kuɗi. In aka rubuto maka 3万, 30,000 ake nufi. 25万 kuma 250,000. Miliyan ɗaya a wurinsu wàn ɗari ne. Na taɓa sa hannu a wani oda ta hannun dillali ina lissafin dubbai alhali dubun goma-goma ake magana, Allah ya taimake ni ƙanena ya sake duba takardar kafin kuɗi su fita. Haka ragi: 八折, da takwas a jikinsa, yana nufin ka biya kashi 80 cikin ɗari, an rage maka 20 ke nan. Huɗu da goma, sì da shí, suna iya rikicewa a bakin mutanen kudancin ƙasar, saboda haka duk adadin da ya shafi kuɗi a rubuta shi da lamba. In kana ƙirga kaya, biyu liǎng ne ba èr ba, kuma tsakanin adadi da kaya akwai 'yar kalmar awo, kamar yadda muke cewa buhu biyu na shinkafa: 台 ga injuna, 箱 ga kwali, 袋 ga buhu, 个 ga abubuwa da yawa. Inji biyu liǎng tái jīqì ne. Da duōshao qián, nawa ne, da tài guì le, ya yi tsada, da piányi yìdiǎn, a rage kaɗan, ka fara ciniki.

Akwai baƙaƙe biyu da nake so kowane Musulmi mai niyyar tafiya ya iya gane su daga nesa: 清真, qīngzhēn, halal. Su ne a ƙofar gidajen abincin Musulmin ƙasar, in ka ƙara 寺 a baya ya zama masallaci. Ka san 肉 nama, 牛 saniya, 羊 tunkiya ko akuya, 鸡 kaza, 猪 alade. Wǒ bù chī zhūròu, ba na cin naman alade. Jimlar ma za ta nuna maka nahawun bai da tsauri: mai aiki, aiki, abin da aka yi wa, kamar Hausa, kuma aikatau ba ya canza siffa. In ka sa 'yar kalmarsu "ma" a ƙarshen jimla ta zama tambaya.

Tsarin yini

Baƙi uku a rana nake ɗauka, ba na ƙarawa ko da na ji ƙarfi. Bayan sallar asuba, kafin hayaniya, minti ashirin na rubutu. Alhamis da Juma'a ba sabon darasi, sai tishi, yadda muka taso a makarantar allo. Sha biyar ke nan a mako, cikin mako goma ka kai 150. Na yanka kwalin fulogi ƙanana-ƙanana, gaba baƙi, baya pinyin da ma'ana da Hausa, na ajiye gwangwani uku. Sabon kati yana na farko, ana duba shi kullum. In na ci shi ya koma na biyu, mai zuwa bayan kwana uku, daga nan na uku, na mako-mako. Wanda na faɗi, ko daga ina yake, ya dawo na farko. Manhajar Anki wannan aikin take yi, amma kati ba ya cin caji. Bayan isha'i ɗiyata ce take riƙe katunan. Ba ta sassauci, in na ce mǎi a wurin mài sai ta ce, "Baba, wannan man fetur ne, sake." Yanzu ta fi ni saurin gane dangin ruwa.

A waya abu biyu nake ganin dole ne. Ƙamus na Pleco, wanda yake aiki ko ba data, kana iya neman kalma da pinyin ka ga ma'anarta da karinta. Sai ka ƙara Sinanci a allon rubutun wayarka, na pinyin da na zanen yatsa. In ka buga shuibeng zai kawo maka 水泵 ka zaɓa. Amma kada sauƙin nan ya raba ka da fensir. Su kansu Sinawa suna da magana a kan haka, tí bǐ wàng zì, ka ɗauki alƙalami baƙin ya gudu, saboda yawan bugawa a waya. Don kunne kuma, ka riƙa sauraron gajerun darussa kana maimaitawa da murya a sama, ba a zuci ba. Gidan rediyon ƙasar Sin yana da sashen Hausa tun 1963, kuma jin yadda ma'aikatansa suke furta sunayen garuruwa da mutane yana gyara kunne.

Kada ka jira sai ka ƙware kafin ka yi magana. A wata na huɗu na fara tura wa mai aiko mini da kaya gajerun saƙonnin murya ta manhajar WeChat. Suna gabanmu da awa bakwai, ƙarfe shida na safe a Jega ƙarfe ɗayan rana ne a can, saboda haka da na rufe littafi nake aikawa. Na farko "lǎobǎn, nǐ hǎo" ne kawai da adadin kwalayen da nake so. Ya maido da amsa doguwa da sauri, ban kama ko rabi ba. Na koyi cewa qǐng shuō màn yìdiǎn, don Allah yi magana a hankali, da wǒ tīng bu dǒng, ban gane ba, na kuma roƙe shi ya riƙa rubuto abin da ya faɗa. Kowane saƙonsa ya zama darasin gobe. Daga bakinsa na koyi 春节, bikin sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da masana'antu suke rufewa, daidai sa'ar da manomanmu suka fi neman kayan gyara. Tun daga nan nake yin odar rani da wuri.

Jar takardar nan kuwa, na ɓamɓare irinta daga wani injin na manna a bangon littafina tun makon farko, ina warware ta baƙi-baƙi. 使用 amfani, 前 kafin, 请 don Allah, 加 zuba ko ƙara, 机油 baƙin mai. Shǐyòng qián qǐng jiā jīyóu. Wata biyar na yi kafin in karanta ta daga farko zuwa ƙarshe ba tare da buɗe ƙamus ba. Yanzu duk injin da zai fita daga shagona, sai na ɗauki alƙalamin maka na rubuta a jikin tankin, da boko a sama da ajami a ƙasa: a zuba baƙin mai kafin a tayar. Dattijon Suru ya dawo bana neman ringi, na nuna masa, ya bi ajamin da yatsa har ƙarshe, ya ce in rubuta masa a wata takarda daban zai kai wa maƙwabcin gonarsa.